Ranar da Gidan Yaya Fagbemi Ya Ɗauka Ba Kowa

Tun da yayana Fagbemi ya yi ritaya daga aikin lantarki, ba wanda ya sake taɓa makunnin fitila a gidansa na unguwar Bodija. Komai ya haɗa shi da kwamfutar da ke ɗakinsa: fitilu, fankoki, labule, makullan ƙofa, har da wani abin shara mai kama da murfin tukunya da ke yawo da kansa. Abin alfaharinsa kuwa wani ɗan ido ne da ya maƙala a silin falo. In idon ya yi minti biyar bai ga motsi ba, sai kwamfuta ta ɗauka an fita, ta kashe komai ta rufe gida. Mutumin da na sani tun yana gudun kyankyaso, yanzu in na je gaishe shi sai na sha lacca.

Adigun, saurayin 'yarsa Kunbi, shi ya yi wautar faɗin gaskiya. Zuwansa na farko ya ɗaga kai ya ce, "Baba, idon nan tsakiyar falo kawai yake gani, ba ya hango kujeru." Daga ranar Yaya ya daina kiran sunansa, sai "mai ilimi". Sau biyu Kunbi tana zuwa gidana da kuka, don ta san halin ubanta, yana iya hana auren a kan wannan maganar.

Ranar neman aure, ƙarfe uku na rana, zafi kamar a soya ƙwai a tsakar gida. Adigun da abokansa shida suka zube rub da ciki da manyan rigunansu, kamar yadda al'adarmu take, suka cika tsakiyar falo daga ƙafafunmu har bakin ƙofa. Ba mai tashi sai uban yarinya ya ce a tashi, in kuwa ya faɗa, ya ba da 'yarsa ke nan. Yaya ya harɗe ƙafa ya lumshe ido.

Na ɗan zungure shi. "Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Bari mai ilimi ya ɗan karanta tayil ɗin daɓe," in ji shi.

Duk falon ba mai ko gyara zama. Minti biyar na cika sai ƙit! Fanka ta tsaya, fitilu suka mutu, labule suka ja kansu, ƙofofi suka datse. Kunbi da uwarta, da ke jira a ɗakin ciki, suka hau dukan ƙofa. Sai ga murfin tukunyar nan ya fito daga ƙarƙashin kujera yana gurnani, shi a dole ba kowa a gida, lokacin shara ya yi. Bai zame ko'ina ba sai kan Adigun. Ya ture masa hula, ya ja baya, ya dawo ya dungure shi a goshi. Yaron nan ko gezau. A nan ya shiga raina.

Yaya ya ɗaga hannu yana kaɗawa, shiru. Ya cire hula ya kaɗa, shiru. Kawun ango, wani ƙaton dattijo da zufa ta jiƙe sharkaf, ya ce, "Mai gida, aure muka zo nema ko gashi?"

Yaya ya miƙe zai shiga tsakiya inda idon zai gan shi, amma ba wurin sa ƙafa.

"Kul!" na ce. "Ka tsallake 'ya'yan mutane a kwance, a gaban iyayensu?"

Ya koma ya zauna yana huci. "Kai, mai ilimi, ɗan motsa mana."

"Baba, ban isa ba," in ji Adigun, bakinsa a tayil. "Ba a ce in tashi ba."

"Hannu kawai za ka ɗaga!"

"Baba, hannun ma roƙo yake."

Na cusa bakin gyale a baki don kada dariya ta tona ni. Abin shara kuwa ya kama gefen rigar ango yana ƙoƙarin haɗiyewa. Daga ciki muryar Kunbi ta fito, ta daina dukan ƙofar, a hankali kawai ta ce, "Baba, don Allah."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron. Sannan ya ce, "Adigun." Karon farko ke nan da sunan ya fita daga bakinsa cikin wata takwas. "Na ba ka ita. Ku tashi."

Suna yunƙurawa gida ya farka: fitilu, fanka, labule, har rediyo ya kama kiɗa ba wanda ya tambaye shi. Ƙofa na buɗewa Kunbi ta sheƙo ta durƙusa ta rungume gwiwoyin ubanta. Ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan yana ta goge fuska da hula.

"Zufa ce," ya ce mini, ganin ina kallonsa.

"Na sani, Yaya," na ce. Fanka ta riga ta busar da ta kowa, tasa ce kawai ke ta gangarowa daga ido.