Daddawar Bara'atu a Lasifika

Tun ina amarya nake daddawa a cikin gida, nan Bukkuyum, ban taɓa biyan kowa ya faɗi sunana ba. Bakin Habsu ya ishe ni. Habsu dillaliya ce, ba gidan biki da ba ta shiga daga nan har Gummi da Anka. In ta ce, "Daddawar Bara'atu ce," magana ta ƙare. Ni kuma in ta zo saye, sai in cika mata gyara har ta ce ya isa.

Sai ga ƙanena Nafi'u, ɗan kabu-kabu, da sabon wayo. Wai zamani ya wuce bakin tsofaffi. Bai ko shawarce ni ba ya je ya biya mai lasifikar kasuwa kuɗin tallan daddawata, na wata guda cur.

"Yaya, za ki gode mini," in ji shi.

Ranar kasuwa kuwa mutane suka cika zaure, kafin azahar ba ko ƙwaya a faifai. Saura wadda na rufe a buhu jiya, kalwar ko ɗumi ba ta gama ɗauka ba. Daddawa kuwa ba a yi mata gaggawa, sai ta yi yauƙi, warinta ya kai ƙofar gida. Na ce a gaya wa kowa ta ƙare, na yafa mayafi na tafi suna.

Ashe bayan fitata jama'a suka ƙaru. Nafi'u ya ga ba zai iya kallon masu saye suna juyawa ba, ya yaye buhun, ya sa matarsa ta daka, suka auna ta ɗanya. Wayyo ni! Cikin masu sayen har da Habsu, ta kwashi mai yawa za ta kai gidan biki a Gummi, ta riga ta rantse musu ba su taɓa cin irinta ba.

Da na dawo na ga buhu wayam, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na wanke Nafi'u tas, yana ta cewa, "To ai an saye!"

Bayan bikin Habsu ta zo. Na shimfiɗa tabarma, ta ƙi zama. Ta ajiye ƙwarya a gabana, daddawar ta yi fari da fumfuna.

"Miyar biki ta tashi salam kamar ruwan wanki," ta ce. "Ni anka kalla, Bara'atu, ba ke ba."

Na fara rantsuwa, ina kiran sunan Nafi'u. Ta ce ita ba ta san Nafi'u ba, sunana ta kai. Na ɗebo tsohuwa mai kyau da na ɓoye don miyarmu, na miƙa mata. Ko duba ta ba ta yi ba, ta sa takalmi ta fita.

Yau kasuwa ta sake ci. Tun safe ba wanda ya yi sallama a zaurena, ga faifai cike a rana. Daga nan tsakar gida ina jin lasifikar tana ta kururuwa: "Daddawar Bara'atu, wadda kowa ke yabo!" Na aika a kashe, mutumin ya ce an riga an biya, sai wata ya ƙare.