Idon Mai Shara

Goggo Tela ta fara ganin wani baƙin zare yana yawo a gabanta. Da farko ta ɗauka zaren ɗinki ne ya maƙale mata a gashin ido, ta yi ta murza har idon ya yi jawur. Zare bai fita ba, sai ma ya hayayyafa. Ranar da ta ɗinka wa wata malamar makaranta hannun riga a baibai, matar ta zo ta zazzage mata rashin mutunci a gaban maƙwabta, a ranar ta yarda akwai magana. Da keken nan take ci, da shi take sayen maganin suga, don maigidanta tun da ya ajiye tuƙin mota ba abin da yake ja sai hira a ƙofar gida.

A ƙaramin asibitin unguwarsu akwai wata na'ura da masu taimako suka kawo, mai ɗaukar hoton can cikin ido. Duk mai ciwon suga in ya zo karɓar magani sai ya ɗora haɓa a kanta. A tura hoton ta kwamfuta wurin wani likitan ido a babban birni, shi ya duba ya ce wane lafiya lau, wane kuma jini ya fara tsiyaya, a turo shi a ƙona wurin da haske kafin ya makance. Tsari mai kyau, wallahi. Sai dai an damƙa shi a hannun Mai Hoto.

Mai Hoto ƙaton mutum ne mai tumbi, kullum da tsinken sakace a gefen baki. Wurin ɗora haɓar nan ya yi baƙi ƙirin da maiƙon haɓoɓin duk unguwa, ba ya gogewa sai in baƙi za su zo, shi ma da gefen rigarsa. Maganin da ake ɗigawa ido ya buɗe kuwa yana kan taga, rana ta dafa shi, ƙuda ya mutu a kan murfin.

"Ba za ka ɗiga min ba?" in ji Goggo.

"In na ɗiga sai kin zauna jira, layi ya kai titi. Buɗe ido mana, Goggo, ba asirinki zan gani ba."

Haske ya yi wal. Ya kalli kwamfuta, ya ja tsaki, ya ce ta tafi. Da ta dawo karɓar magani aka ce saƙo ya zo daga birni, idonta lafiya lau. Wata zuwan ma haka. Har ta fara zargin kanta. Maigidan ya ce, "Ke dai ƙiwar ɗinki kike ji. Na'urar da ta ƙetaro teku ce za ta yi miki ƙarya?"

Lema ce ta tona asirin. Ran nan bayan an ɗauke ta hoto ta kai bakin titi, sai ta tuna ta bar lemarta a jingine bayan ƙofa. Ta dawo, ta tarar an watse, ƙofar ɗakin hoto a ɗan buɗe. Tsintsiya da bokiti a ajiye. Wa za ta gani a kan kujerar na'ura? Mai sharar asibitin, wata siririyar mata da ake kira Dara-dara saboda manyan idanunta, ta ɗora haɓa tana hamma.

"Wannan na tsohuwar nan mai ɗinki ne," in ji Mai Hoto. "Kawo na hagu. Yauwa. Saura na mai kayan miya da na tsohon ɗan sanda."

"Ni fa idona ya fara yaji, Yallabai."

"Yi haƙuri, mutumin birnin nan ne ya hana ni sakat. Duk hoton da ya yi hazo sai ya dawo min da shi, wai a sake. Idon tsofaffin nan kamar ruwan wanki, ina zan samo masa tas? Naki kuwa ko ba magani, fes!"

Nan take Goggo ta fahimci zancen. Wato duk wanda idonsa ya lalace har hoto ya ƙi fita, shi ake ba lafiyayyen ido aro. Ta banka ƙofar.

"Kai ɗan nan, tir da halinka! Ashe idon mai shara nake yawo da shi?"

Tsinken sakace ya faɗi. Dara-dara ta sure bokitinta ta fice. Mai Hoto kuwa ko kunya, ya ce gwada na'ura suke yi.

Goggo ba ta tsaya ba sai ofishin shugaban asibiti, wanda kowa ya san ƙanwarsa Mai Hoto ke aure. Ya saurare ta yana danna waya, sannan ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi da yara.

"Mama, ke da kike kukan ba kya gani, ya aka yi kika ga wannan duka?"

"Ranka ya daɗe, ai ku kuka ce idona lafiya lau."

"To, tunda lafiya lau ne, mene ne na tayar da hankali?"

Ta dube shi. Da ido mai zare ma ta ga abin da ya ishe ta. Ta fita, ta tofar da yawu a kwata, ta manta lemar a karo na biyu.

Ta ba da labari a unguwa, aka yi ta dariya, wasu suka ce suga ya hau mata kai. Mai kayan miya ma cewa ta yi, "Ni dai an ce nawa ƙalau ne, kada ki ja min." Alhali matar nan tana zuba wa mutane barkono a maimakon tumatir. Zuwa birni kuwa ba a ganin likitan sai asibitin unguwa ya tura ka. Goggo ta koma kan keke, 'yar autarta na zura mata zare a allura kafin ta tafi aiki, in ya tsinke sai ta zauna jiran duk wanda Allah ya kawo. Idon hagu ya koma kamar an shafa masa toka.

Ana nan sai ga saƙo daga birni, na gaggawa. Wai a turo Goggo Tela, da mai kayan miya, da tsohon ɗan sanda, da wasu tsofaffi cike da mota, duk jini ya fara tsiyaya a idonsu na dama. Shugaba ya yi ta yabon surukinsa a gaban mutane, wai ga ma'aikaci mai gano ciwo. Mai Hoto kuwa gumi yake yi.

Goggo ta gane. Ta je ta sami Dara-dara tana wanke bayi, hannu ba safa.

"'Yar nan, ajiye. Kina yawan shan ruwa? Kina yawan fitsari?"

"Ya aka yi kika sani, Goggo?"

"Jinin da suka gani a idonmu, naki ne. Suga gare ki. An ɗauki hoton idonki fiye da na kowa a garin nan, ba a taɓa ɗauka da sunanki ba. Wuce mu tafi."

"Ai ba ni cikin waɗanda aka kira."

"Ke ce duk waɗanda aka kira. Wuce, na ce!"

A birni likitan ya ɗiga musu magani, ya bar su a benci har duniya ta yi musu fari fat, sannan ya leƙa idon kowa da fitilarsa. Yana duba Goggo ya koma ga kwamfuta, ya dawo, ya sake komawa.

"Mama, wannan hoton ba idonki ba ne."

"Ga mai shi can a bakin ƙofa, tana jin kunya."

Ya jera hotunan tsofaffin nan a allo, jijiya ɗaya, ɗigon jini ɗaya, wuri ɗaya, kamar an buga hatimi. Ya cire tabarau ya dafe goshi. Sai ya kira Dara-dara ta zauna.

Ita an tari nata da wuri. Na Goggo, na hagu ya riga ya tafi, ya ce da an turo ta tun zuwan farko da ba haka ba. Na dama aka ƙona da haske, tas-tas-tas, tana ƙanƙame da kujera tana tsine wa tsinken sakace a zuciyarta. Ya tsira. Mai kayan miya kuwa ba a ceto mata ido ko ɗaya ba, jikarta ke jan ta yanzu.

Likitan ya rubuto wa asibitin unguwa magana mai zafi. Aka yi zama, aka sha lemo, aka yanke hukunci mai tsanani: an cire Mai Hoto daga ɗakin hoto, an mayar da shi ɗakin gwajin jini.

Goggo ta koyi ɗinki da ido ɗaya, tana karkata kai kamar kaza mai kallon shaho. Kalmasa tana fita daidai, malamar makarantar ma ta dawo ba kunya. Da watan karɓar magani ya zagayo ta je asibiti, ta zauna a benci tana jiran a soke ta a yatsa. Layi na gudu abin mamaki, kowa ya fito sai ya ce sugansa ya sauka. Can ƙofar baya ta ɗakin gwajin ta buɗe, mai gadin asibitin ya fito yana yarfe hannu, da auduga a manne a kan kowane yatsa.

Da idon da ya rage mata ta gan shi, tas, har da ɗigon jinin da ya ɓata masa riga. Ta tashi, ta ɗauki lemarta da ke jingine bayan ƙofa tun rannan, ta riƙe ta ta wajen tsinin, ta nufi ɗakin gwajin jini.