Gogen Barmo a Rediyo

"Luzin siminti ta koma Tawa ke nan?" in ji Kyauta. Ko ruwa ba ta miƙa wa mijinta ba, shi da ya ce daga luzin, masana'antar siminti, ya taso.

Barmo ya karkaɗe wandonsa, farin gari ya tashi. "Duba jikina, uwar Saminu. Wuni na yi ina ɗora buhu a mota nan Malbaza."

"Siminti ko a bakin hanya ana shafawa. Da hantsi na ji gogenka a rediyon Tawa. Kande maƙwabciya ma ta ji, har ta leƙo katanga tana yi mini barka."

Abin da ya sa zancen ya yi zafi, Barmo ɗan goge ne a da. Baban Kyauta, liman ne a Illela, bai ba shi ɗiyarsa ba sai da ya rantse ya bar goge har abada. Tsohon ya ce ranar da ya koma, ɗiyarsa ta komo gida.

Barmo ya zauna, ya sanyaya murya. "Ke, ba haka rediyo take aiki ba. Ba sai mutum ya tahi can ba. Ma'aikatansu ke yawo da akwati, su ɗauki sauti cikin kasat, su aje. Ran da suka ga dama su saka, dogon ƙarfen nan na gidan rediyo ya watsa cikin iska. Wannan tun ina samari aka ɗauke shi."

"Muryar mutum ta kwana cikin akwati ba ta lalace ba? Sai ka ce kilishi."

"Kunna ki ji, sukan maimaita da marece."

Ta murɗa rediyon tana hararsa. Aka yi sanarwar rasuwa, aka yi ta ɓatan jaki a Alela, sai ga goge ya tashi, mai shi kuwa yana zaune gabanta, hannuwa a gwiwa.

"Kin gani?" Barmo har da miƙe ƙafa.

Kyauta ta fara jin kunya. Ta ɗauko kwanon ruwa za ta ba shi, sai zabiya ta shigo da kirari: "Ja shi, Barmo na Kyauta, uban Saminu."

Saminu kuwa da daminar bana aka yi sunansa.

Ta aje kwanon a hankali. "Tun kana samari, ko?"

Barmo ya kai hannu zai rage sauti.

"Bar shi. Baba ma yana da rediyo."

Ta goya yaron, ta fita, ta bugo ƙofar kwano har katanga ta amsa.