Leɓen Elwood

Duk shekara idan zafi ya shigo, ni da mijina Murdo mukan je mu kwana biyu a masaukin Verna. Ɗakuna huɗu ne kacal a kan wani ɗan tsibiri. Hanyar mota ɗaya ce, ita ma idan teku ta cika sai ta nutse har ruwa ya janye. Ni hutu ke kai ni. Murdo kuwa cikinsa ke kai shi, don tun a mota yake zancen miyar katantanwar teku da Verna ke dafawa da madara da dankali.

Mijin Verna, tsoho Elwood, shi ke haƙo katantanwar a cikin taɓo. Lokacin zafi takan ɗauki dafi daga ruwa, dafin da tafasa ba ta kashe shi, sai hukuma ta kafa allo a gaɓa ta hana ɗiba. Elwood ko kallon allon ba ya yi. Gwajinsa na kaka da kakanni ne: ya fasa ɗanya, ya goga a leɓe, ya jira. In ya ji kamar kiyashi na yawo a wurin, ya zubar da bokitin. In bai ji ba, sai tukunya. Sabo turken wawa, mu mutanen gaɓar nan mun fi yarda da leɓen tsohon nan fiye da allon kowa.

Ran nan mu kaɗai ne baƙi. Ruwa ya rufe hanya, hazo ya taso daga teku ya lulluɓe tagogi tun rana ba ta faɗi ba. Verna ta kawo miya da burodi mai zafi. Madara ba ta yi mini, don haka na ɗan taɓa na ture. Murdo ya share kwanonsa ya jawo nawa.

"Verna, wannan kwanon na 'yar tsana ne? Ƙaro mana!"

"Ke Lorna," in ji Verna, "ba kya ba shi abinci a gida ne?"

"Ina ba shi. Rami na aura."

Elwood ya jawo kujera ya zauna kusa da mu da kofin shayi mai tururi. Yana kurɓa, shayin na gangarowa daga leɓensa na ƙasa har cikin wuyan riga, shi kuma yana ta ba da labarin farashin fetur.

"Elwood, goge bakinka, kana zuba," na ce.

Ya kai hannu ya goge inda babu komai.

"Rabu da shi, tsufa ne," in ji Verna. "Tun da ya faɗi a rumfar jirgi lokacin sanyi ya zama ƙazami."

Na dubi leɓen, ya yi ja, har ya fara tashi saboda ƙuna.

"Elwood, kana jin zafin shayin nan?"

Ya sake kurɓar shayin.

"Da kai nake! Yau da wane leɓen ka gwada katantanwar?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gwada kamar kullum," ya ce a hankali. "Ban ji komai ba."

Leɓen da bai ji ƙunar shayi ba, ina zai ji dafi? Verna ta dafe bango. Murdo ya yi dariya, ya ce mu mata dai da neman abin tsoro. Ya kai hannu zai ɗauki cokali, cokalin ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Ya ɗaga yatsunsa yana kallo kamar na wani ne.

"Lorna," ya ce, harshensa ya yi nauyi, "bakina ba ya nan."

Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba, har cikin ƙashina. Verna ta buga waya asibiti. Suka ce jirgin sama ba zai tashi a hazon nan ba, mota kuma ba hanya, amma ga ma'aikaciyar jinya nan a jirgin ruwa. Suka ce ƙirji dafin yake kamawa. In numfashinsa ya tsaya, a hura masa da baki, kada a daina ko an gaji. Zai riƙa jin duk abin da muke faɗa.

Muka kwantar da shi a kan katakon ɗakin cin abinci. Ƙafafu suka fara mutuwa, sai hannuwa. Numfashin ya riƙa gajarta. Katon mutumin nan mai surutun tsiya ya koma ido kawai, idon kuma a kaina. Da ƙirjin ya tsaya, na toshe masa hanci na haɗa bakina da nasa.

Ina hurawa, ƙirjin na tashi. Na saki, ya faɗa ya tsaya yana jirana. Tsakanin hura da hura ina zaginsa.

"Mai haɗama! Ka mutu a nan ka gani!"

Elwood ya fita gaɓa yana kaɗa ƙararrawar masauki don jirgin ya gane hanya. Verna ta durƙusa ta riƙe wuyan hannun Murdo, tana cewa zuciya na bugawa, ci gaba.

Can na ji kiyashi a leɓena. Ya bi ta harshe, ya sauka yatsu. Verna ta ce in kawo ta karɓe ni, na girgiza kai, don na san tana da ciwon asma, ko matattakala ba ta hawa sai ta huta. Ban faɗa mata komai ba. Na ƙara danna bakina da hannu saboda iska ta fara tserewa ta gefe.

Ban ji shigowarsu ba. Sai dai wata mata mai rigar ruwan sama ta ture ni, ta ɗora masa robar hura iska a fuska tana matsawa.

"Yana raye, sake shi haka," ta ce. "Wa kuma ya ci miyar?"

Na buɗe baki in ce ni ce. Harshen ya ƙi motsi.