Hantar Kyalla

Shekara bakwai muna yi wa ƙanena Hayatu ƙarya guda a gidanmu na Badagishiri, kuma ba mu taɓa jin tsoro ba sai da ya kusa zama likitan dabbobi.

Mahaifiyarmu ta rasu yana da shekara goma, ni ina da sha huɗu. Abin da ta bar masa da bakinta 'yar akuya ce ja mai fari a goshi, wadda aka haifa a daminar da ta rasu. Ya sa mata suna Kyalla. Kakarmu Barira ce ta riƙe mu, shi kuwa ya riƙe akuya. Da ya tafi makarantar kwana a Tawa, ni nake karanta wa Kaka wasiƙunsa. Gaisuwar Kaka layi ɗaya, tawa rabin layi, ta Kyalla layi uku: tana ci, tana sha, an cire mata kaska? Har yau in na tuna sai na ji haushi.

A bazarar tamanin da biyar, lokacin da fari ya share rumbuna, Kyalla ta bar duniya. Kaka ta ce yaron nan ba zai rasa uwa sau biyu ba. Kyalla tana da 'ya mai shekara biyu, ja mai fari a goshi kamar an tsaga kara. Bambancinsu ɗaya, uwar tana da tsaga a kunne, inda ƙaya ta taɓa kama ta. Sai Kaka ta sa na danne 'yar, ta ɗauki reza ta tsaga mata kunne, ta ce daga yau ita ce Kyalla, kuma duk wanda ya faɗa ba ta yafe ba. In ya tambayi 'yar, an sayar.

Da ya zo hutu ya daɗe tsaye yana kallonta.

"Kaka, ta ƙanƙance," in ji shi.

"Hwari na, maigida. Mu ma dut mun ƙanƙance."

Ya sosa mata wuya. Muka ce mun sha.

Daga Tawa ya wuce Dakar karatun likitan dabbobi. A tasa'in da biyu, shekararsa ta ƙarshe, ya dawo gida da akwatin kwalabe da jarkar wani ruwa mai hana nama ruɓewa, wanda in aka buɗe shi sai idon kowa ya kawo hawaye. Aikin da malamansa suka ba shi, wai ya binciko yadda hantar akuya take sauyawa daga ƙuruciya zuwa tsufa. Zai yanki ɗan mitsitsi daga hanta, a kai Yamai a fere shi har ya fi bawon albasa rashin kauri, a rina, a manna a gilashi, sannan a duba da madubin likita, mai mai da ƙwayar gero kamar tudu. Kaka ta ce ita dai ta san an tura shi ya koyo warkar da dabbobi, ga shi ya dawo yana bin mahauta kamar ungulu.

Wata biyu yana sammako kwatar Ƙonni. Hantar 'yan awaki ya samu har ya gaji. Ta tsofaffi ce ta gagare shi, don aikinsa ba ya karɓar "kamar shekara kaza", sai an san ranar haihuwa. Haƙorin akuya kuwa yana faɗin gaskiya ne zuwa shekara huɗu, daga nan sai dai a yi ta kintace. Masu awakin kuma ba su taimake shi ba. Kowace akuya aka kawo kwata shekararta biyu. Ya ce akwai wadda Sallau mahauci ya jawo, bakinta saura haƙori uku, mai ita ya rantse bara waccan aka yaye ta.

Wata rana da azahar muna cin tuwo a inuwar rumbu, sai ya dubi turke. Kyalla tana kwance. A lokacin ta daina haihuwa, tana tari, kowa ya san in ba a sa mata wuƙa ba kafin sanyi za a wayi gari da mushe.

"Kaka," ya ce, "akuya guda nis sani duk ƙasag ga wadda anka san ranad da anka haihe ta."

Kaka ta mayar da lomarta cikin kwano.

"Kai dai ba ka da kunya! Miji na ƙwarai shi kawo ma matatai nama, kai ka zo ka yanke mata 'yar ɗaki?"

"Amarya, ai tawa ta."

"Taka ta, amma ta girme ka ga hankali."

Ya yi dariya ya bar maganar. Ya tashi zai duba bakin akuyar, Kaka ta daka masa tsawa, wai yaro ba ya leƙa bakin babba. Washegari ta ce Kyalla tana da ciki. Jibi ta ce ta yi mafarki. Rana ta huɗu ta ce ta yi wa wani malami a Illela alkawarinta, malamin da ya rasu tun kafin fari.

Da ya koma Ƙonni sai ta same ni a gidana ina sussuka. Ban taɓa ganin Kaka a tsorace haka ba.

"Uwani, madubin nan nashi, shina ganin shekaru?"

"Haka yac ce."

"To mun shiga ukku. In madubi ya gani, ya gane na yi mai ƙarya. In bai gani ba, shi rubuta shekara sha huɗu ga akuyar da ba ta kai goma ba, shi kai gaban malamai su yi mai dariya, karatun shekara da shekaru shi zube. Ta ina za ni hita?"

Na ce ta faɗa masa kawai. Ta ce ni dama tun ina yarinya ba ni da dabara. Abin da ta yanke shi ne za ta je ta ga madubin da idonta, ta auna ko ana iya yi masa wayo.

Ranar kasuwar Ƙonni muka hau motar itace, ita a gaba ni a baya cikin buhunan albasa. A Tsarnawa muka faɗo babbar hanya, wata motar siminti daga Malbaza ta wuce mu da gudu, Kaka ta bi ta da addu'ar da ba zan maimaita ba. Hantsi ya yi muka sami Hayatu a wani ɗan ɗaki bayan buron masu kula da dabbobi, tsakanin kwalabensa.

"Wanga shi na dodon?" Kaka ta tambaya. Abin baƙin ƙarfe ne, tsayinsa bai kai rabin taɓarya ba, da ɗan madubi a ƙasa mai tara hasken taga. "Tabaran Labo mai ɗinki sun hi shi kwarjini."

Hayatu ya aza gilashi, ya murɗa, ya ce ta rufe ido ɗaya ta duba. Ta rufe wanda za ta duba da shi. Aka gyara. Sannan ta kama bututun da hannu biyu kamar za a ƙwace, komai ya ɓace, aka sake saitawa. Can sai abin ya fito mata.

"Atamfa nike gani. Ruwan hoda."

"Hantar ɗan akuya ta, mai wata shidda. Kin ga ɗakuna-ɗakuna jere, kowane da ɗigo tsakiya? Tas suke, babu datti."

Ya sauya gilashi. Wannan ta wata tsohuwar akuya ce, ya ce, bai san shekarunta ba, amma ta daɗe.

"Wagga ta yi tsatsa," in ji Kaka.

"Shi na abin. Ɗakin hanta kullum shina aiki, kullum shina shara, amma akwai ɗan abin da ba shi sharuwa. Shi ka taruwa kaɗan-kaɗan, launin ƙasa. Ga zare-zaren nan kuma tsakanin ɗakuna, sun yi kabri. Yaro ba shi da su haka."

"Har cikina akwai tsatsag ga?"

"Ke ai taki sai an sa magirbi."

Ta kai masa duka da mafici ba tare da ta ɗaga ido daga madubin ba. Na karɓa na duba ni ma. Gaskiya ne, ɗigo-ɗigo ne kamar an barbaɗa garin goro a kan zane. Sai na ji wani iri, don ban taɓa tunanin tsufa yana da wurin kwana ba.

Kaka ta zauna a benci ta gyara mayafi.

"Maigida, in akuya ta sha wuya, ba ta yin tsatsa da wuri? Ko in ta ji daɗi ta jinkirta?"

"Ana samun bambanci. Amma shi ya sa nike son wadda anka san ranarta, in auna sauran da ita. In lissahinta ya karkace, duka aikin ya karkace."

Wayon da Kaka ta zo da shi ya ƙare. Tausayinta ya kama ni, tsohuwar da ko jandarma ba ya sa ta sunkuyar da kai.

"Hayatu," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar da aka binne mahaifiyarmu. "Kar ka rubuta sha huɗu. Wadda ag ga turke ba Kyalla ba ta. Ɗiyarta ta."

Ya ajiye gilashin da ke hannunsa a hankali.

"Na sani, Kaka."

"Ka san mi?"

"Kyallata kunnen hagu ƙaya tat tsaga mata, ina tsaye. Ku na dama kunka tsaga."

Kaka ta juyo kaina kamar ni na ƙirƙiro reza.

"Uwani! Ba ke kinka ce wanga na ba?"

"Hagu nic ce! Ke kinka tsaya gabanta kinka auna da naki hagun!"

Hayatu yana dariya har da riƙe ciki. Shekara bakwai gida guda muna takatsantsan, muna koya wa baƙi abin da za su ce, ashe tun ranar farko ya karanta mu. Na so in kwaɗe shi.

"To don mi ba ka hwaɗi ba, ɗan nema?" in ji Kaka.

Dariyar ta ɗauke.

"Na iske ki zanenki ya zagaye ki so biyu, kin tsaya kina kallon bakina. Mi za ni cewa? Yanzu kuma ranar haihuwar wagga nike bukata, na rasa ta inda za ni tambaya ba tare da na kunyata ki ba. Shi ya sa nij jehwa maganar ga tuwo, ko kya hwaɗi."

"Ranas sunan Zara," Kaka ta ce, tana nufin 'yata ta fari. "Muna raba waina akuya tana naƙuda."

Takardar haihuwar Zara tana cikin akwatina, don haka lissafi ya fita: shekara tara da wata uku. Ya rubuta a littafinsa, hannunsa har yana sauri. Kaka ta ce ya zo jibi da Sallau, hanta tasa, nama na yara, fata tata ce za ta yi buzun salla.

Da a nan aka tsaya da mun kama hanyar tasha. Sai ya ce, yana rufe littafi, "Kar ki damu da ta hwarkon, Kaka. Na san yunwa tak kashe ta. Ba laihin kowa ba na."

Kaka ta dube ni. Na kawar da kai, don a bazarar nan ni na kai wani gwangwani tasha da hannuna.

"Yunwa ta, amma ba tata ba," ta ce. "Ita da ƙahwahunta take, ɓawon itace nike daka mata. Ka tuna wasiƙad da ka rubuto, kac ce abincin makaranta ya koma so guda, in malam na magana idonka shi yi duhu?"

"Na tuna."

"Uwani ta karanta mani so biyu. Tun da ka tahi Tawa, ita ɗai ta wasiƙad da ba ka tambayi Kyalla ba. Nan nig gane abin ya kai. Ɗiyar ba ta da nama, ƙashi na da hwata. Uwar ta da ɗan abin soyawa."

Hayatu ya ajiye littafin.

"Gwangwanin madara babba, an ɗaure da tsumma," ya ce a hankali.

"Shi. Hantar nis sa bisa, don ita za ka hwara ci. Har ka rubuto godiya, kac ce naman da daɗi amma da tauri, wai mu riƙa duba haƙori kahin mu saya." Ta miƙe tana neman takalminta da ƙafa. "Saboda haka likita, in hantar Kyalla ta gaskiya kake biɗa, ba ta wurina. Sai ka yanko taka ka aza ga madubin."

Ya sunkuya kan madubin ya sa ido, ya daɗe yana murɗa shi gaba da baya. Babu gilashi a ƙarƙashinsa, na gani, Kaka ma ta gani. Kafaɗunsa ne kawai suke motsi.

Kaka ta ja bakin mayafinta ta goge fuska.

"Uwani, ruhe kwalaben ga nashi," ta ce. "Ruwan nan na sa mutane hawaye."

Na duba. A rufe suke duka, amma na bi su ɗaya bayan ɗaya na ƙara murɗawa.