'Yar Riƙon Katumi

Dariyar ce ta tsayar da hannun Badariyya a kan albasar da take yankawa. Daga ɗakin yara take fitowa, dariya har da ƙyaƙyatawa, irin wadda ba a taɓa yi mata ba a wannan gida na Tottenham. Ta ajiye wuƙar, ta kasa kunne.

"Inna, kada ki bari a tsinke gahawar bayan ɗaki. Wallahi ni zan zo in tsinka da hannuna."

Amal ce, 'yarta ta fari, mai shekara goma sha huɗu, take zuba Hausa tas a waya kamar ba ta taɓa taka Landan ba. Ita kuwa uwar da ta yi naƙudarta, in ta ce, "Ke, kin ci abinci?" amsar ba ta wuce "Yes, Mum." Kishi ya taso wa Badariyya, kuma ta san kishi ne, ba ta yi wa kanta ƙarya ba.

Innar da ake yi wa wannan dariya ita ce Katumi, yayar mijinta, mai 'yar gonar gahawa a wani ƙaramin gari bisa tsaunin Mambila, gaba da Gembu. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu. Lokacin da Abdurrahman, mijin Badariyya, ya sami aikin rediyo a Landan ba a daɗe da yaye Amal ba. Dangi suka ce ai 'yar fari ce, a ba Katumi riƙo ta ɗebe kewa. Kunyar 'yar fari ta ɗaure bakin Badariyya, wadda ko sunan yarinyar ba ta iya kira a gaban mutane, balle ta ce tana son abarta. An ce na ɗan lokaci ne. Sai da Amal ta kai shekara tara aka aika a ɗauko ta, kamar tukunyar da aka ba da aro. Babu wanda ya tambayi Katumi a ranar, kamar yadda babu wanda ya tambayi Badariyya a farko.

Abdurrahman ya dawo daga wurin aikinsa a Marylebone da yamma, yana karkaɗe ruwa daga lemarsa.

"Na yi booking," ya ce. "Hutun Disamba za mu je gida. Lokacin tsinkar gahawa ne, yarinyar nan ta dame ni."

"Da sanyin nan? Ga exams ɗinta kuma."

"Badariyya, sau biyu kina sa ana yin cancel. Yaya Katumi tsufa take yi."

Ta juya masa baya ta ci gaba da aikinta. "To ni ma da ni za a je, Abban Fa'iz," in ji ta, tana kiransa da sunan ƙaramin ɗansu.

* * *

Motar ta yi ta nannaɗe tsauni tana nishi har kunnuwan Badariyya suka toshe. Da suka kai sama sai ƙasa ta buɗe, tuddai bayan tuddai, shanu sun bazu a kansu, gajimare na kwance cikin kwari. Garin bai fi layi biyu ba. Kwanon rufi duk ya yi tsatsa, kowace ƙofa kuma an shimfiɗa tamfol an baza 'ya'yan gahawa suna shan rana, wani ƙamshi mai tsami-tsami ya cika iska. Mutanen Landan da suka zo da taƙamar sun san sanyi, su ne suka fara neman bargo.

Mota ba ta gama tsayawa ba Amal ta dira. A ƙofar gida wata 'yar tsohuwa ce tsaye da sanda, ta karkata kai tana sauraro. Yarinyar ta faɗa jikinta. Katumi ta saki sandar, ta kama fuskar Amal da hannu biyu tana shafawa, goshi, kumatu, haɓa, domin yanar ido ta rufe mata gani. Badariyya ta ga yanar. Amma abin da ya fi tsaya mata shi ne yadda yarinyar ta lumshe ido ta miƙa fuska, ita da ko gyara mata ɗankwali aka zo yi sai ta kauce.

Akwati guda Badariyya ta ciko da tsaraba, atamfofi da turare da takalman sanyi. Katumi ta yi ta sa albarka, ta sa aka tura akwatin ƙarƙashin gado. Amal kuwa tun ranar ta tare a ɗakin Inna. Da sassafe su biyu za su shige gona, inda itatuwan gahawa ke tsaye a inuwar ayaba. Katumi ba ta iya bambance ja da kore yanzu, don haka Amal ce ke kama hannunta ta ɗora a kan nunannun. Suna tsinka suna hira, suna tsegumin mutanen gari. Badariyya ta bi su sau ɗaya da nata kwandon. Babu wanda ya kore ta. Hirar ce kawai ta mutu, aka koma yi mata sannu da aiki.

Ana jibi za su tafi, ta ji Amal ta tare ubanta a zaure.

"Dad, ka bar ni a nan. Akwai makaranta a Gembu. Inna ba ta gani, kuma ba ta da kowa."

Abdurrahman, wanda ke iya awa guda yana warware rikicin duniya a rediyo, ya sosa ƙeya. "Sai abin da mamanki ta ce."

Badariyya ta sami Katumi a bayan gida, a durƙushe tana juya shanya da tafin hannu.

"Yaya, zan yi magana, ki gafarce ni."

"Faɗi, ƙanwata."

"Yarinyar nan gangar jikinta ce kawai a gidana. Ni nake tashi in yi mata abinci, ni nake zaman asibiti in ba ta da lafiya, amma dariyarta taki ce. Ni na haife ta, Yaya. Ki sakar mini ita."

Hannun Katumi bai tsaya ba. "Ban ƙwace ta ba. An ba ni na karɓa, an zo karɓa na bayar."

"To wayar fa? Kullum, kullum."

"Ita ce ke kira."

"Ki daina ɗagawa."

Sai a nan hannun ya tsaya. Tsohuwar ta ɗago fararen idanunta wajen da muryar ke fitowa, ta daɗe a haka. Badariyya ta so a ce tsohuwar ta zage ta, da ta sami abin riƙewa.

"To," in ji Katumi. "'Yarki ce."

Ranar tafiya aka wayi gari babu Katumi a gida. Maƙwabcinta Haggai ya ce wai ta tafi gaisuwa wani ƙauye, yana faɗa yana kallon ƙasa. Amal ta zaga gona tana kiran Inna har muryarta ta dushe, direba na ta danna oda. Da ƙyar ubanta ya sa ta a mota. Suna juyawa Badariyya ta hango gefen zani a bayan kututturen ayaba, da kan sanda. Ta kalli 'yarta, wadda ta kifa kai a gwiwa, ta mai da idonta kan hanya.

* * *

Landan ta tarbe su da yayyafi da duhun wuri. Amal ta kira Inna a jirgin ƙasa, ta kira a gida, ta kira kafin makaranta da bayanta. Wayar na shiga, ta yi ta ƙara har ta katse. Abdurrahman ya nemi Haggai, aka ce masa lafiyar Katumi lau, wayar ce ta sa a akwati ta rufe. Ya ce tsufa ne, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki.

A hankali kiran ya ragu, har ya daina. Badariyya ta zauna jiran rabonta. Ta yi ɗanwake, ta yi waina, ta sayo rigar da yarinyar ta taɓa tsayawa kallo a shago. Amal takan ci, ta wanke kwanonta, ta gode, ta koma ɗaki. Gidan ya yi tsit, sai hayaniyar Fa'iz, ƙanen Amal. Abin da Badariyya ta roƙa ta samu, ga shi kuma ya tsaya mata a ƙirji kamar loma marar miya.

Wata Asabar da rana ta tura ƙofar ɗakin. Amal na zaune a bakin gado da littafi a cinya, ba karatu take ba.

"Kina kewarta ne?" in ji Badariyya. Muryarta ta fito siririya.

"It's fine, Mum. Ta gaji da ni ne." Ta shafa bangon littafin. "Na saba. Ke kin ba da ni, ita ma ta ba da ni. Ni dai ban san abin da nake yi wa mutane ba."

Gaskiyar ta zo wa Badariyya har bakin leɓe. In ta faɗa, yarinyar za ta san Innarta ba ta guje ta ba, za ta kuma san wanda ya sa. Ta haɗiye ta. Ta matso za ta zauna kusa da 'yarta, ta miƙa hannu wajen kafaɗarta.

Amal ta tattara ƙafafunta, ta matsa can gefe cikin ladabi, irin matsawar da ake yi wa baƙo a bas, ta bar mata wuri.