Alli a Ƙarƙashin Kujera

Mai Labule ko karyawa ba ta yi ba ta fito. Auta, ƙanenta da ke taya ta a shago, shi ke tuƙi, kuma tun daga gida bai ce uffan ba, shi da ko ƙuda ya gifta sai ya yi sharhi.

Abu ɗaya ya fito da ita. Mai wani sabon otal ya ga hoton wasu kujerun falo masu ruwan toka, ya ce in ta samo su, labule da kafet da gadaje duk ita za ta zuba. In babu, zai nemi wani. Shagonta kuwa ya daɗe yana hamma, wannan aikin ne zai tashe shi, ko a sa masa kwaɗo.

A wuraren da 'yan sari ke baje kolin kayan ɗaki akwai wata ƙa'ida. Wanda ya riga zana alamarsa da alli a ƙarƙashin kujerar samfur, ba a sayar wa kowa irinta a layinsa sai shekara ta zagayo. Ba a rubuce take ba, amma kowa na tsoronta.

Wuri na farko babu. A na biyu suka nuna mata mai kama da ita, ta danna soson ya lotsa kamar burodi, ta yi gaba. A na uku, can bayan jerin gadaje, ta hango ta ƙarƙashin fitila, ko ledarta ba a gama cirewa ba.

"Auta, zo kama mini."

Bai matso ba, wai yana duba wani madubi. Ta ja tsaki, ta kifa kujerar da kanta, allinta a hannu.

An riga ta. Ga da'ira nan da layi biyu a ciki, raɗau. Ta ɗago kai.

"Manaja, wa ya yi wannan?"

Manajan ya sosa ƙeya. "Hajiya, ɗan layinku ne. Sabon shagon nan da ake wa fenti daura da naki."

"Ban tambaye ka shago ba. Wane ne?"

Sai idonsa ya zame wajen madubin. A ciki ta ga fuskar Auta, zufa na bin goshinsa. Manajan, da yake ba ya son rigima, ya tuna ana nemansa a ofis, ya sulale.

Auta ya zo ya durƙusa. "Yaya, ban san da maganar otal ba sai jiya. Na so in gaya miki, bakina ya yi nauyi. Ina da iyali yanzu, ba zan mutu ina riƙe miki tsani ba." Ya nuna alamar. "Goge kawai. Ba wanda ya gani."

Ta lashi babban yatsanta. Alli ne, shafa ɗaya ta isa. Amma manajan ya sani, gobe kuma duk 'yan sari za su sani: ga sabon mai shago da ake goge alamarsa. Ba wanda zai sake ɗaukar maganarsa, tun bai buɗe ƙofa ba. Haushinsa ya cika ta har wuya, tausayinsa kuma ya hana ta sakat. Ita ta goya shi, ita ta koya masa auna taga.

Yatsan ya bushe a iska. Ta tayar da kujerar, ta ja ledar ta rufe.

"Mai otal ɗin ba ya son jira," in ji ta. "Zan turo maka lambarsa."

"Yaya..."

"Da ka gaya mini, da hannuna zan zana maka."

Ta miƙa masa hannu. Ya ɗauka tayar da shi za ta yi, har ya kama.

Ta zare hannunta. "Makullin shagona nake nufi."